Zauren Zangon Kumasi: Yayata na son turo min ɗanta daga Kano saboda ƙwaya

Kawu Ɗanlami Magazin: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da doguwar magana da sassafe, jiya ban runtsa ba. Yayata da ke aure a Kano ta kira ni bayan isha'i tana kuka. Ɗanta na biyu, shekararsa 22, ya faɗa shan ƙwaya. Tun yana sakandare ya fara da maganin tari, yanzu ya koma tiramol. Makon jiya ya yanke jiki ya faɗi a shagon da yake koyon ɗinki, yana ta mimmiƙewa, kumfa a baki, har ya datse harshensa. Ita dai shawararta guda ce: a turo min shi Kumasi in sa shi a shagona na Magazin, unguwar masu gyaran mota, ya rabu da abokan banza. Mijinta ya yarda, har sun fara haɗa kuɗin mota. Ni kuwa samari biyu gare ni a gida, babban yana shekarar ƙarshe a sakandare. In na ce a'a na taɓa zumunci, in na ce to ina tsoron ɗebo ruwan dafa kaina. Don Allah ku ba ni shawara.

Hajiya Rabi Alabar: Wa alaikumus salam. Ɗanlami, wace Kumasin za a kawo shi? Wannan da muke ciki, ko akwai wata da ban sani ba? Ka fito bayan magariba ka bi ta lungunan Aboabo da Asawase ka ga yara a tsaye suna barci, kai ya sunkuya, yawu na zuba, ka yi musu magana ba su san kana yi ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ka gaya wa yayarka gaskiya tun wuri.

Malam Isiyaku Asawase: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya shirya shi, ya shirya mana zuri'a. Hajiya, maganarku gaskiya ce, amma kada mu rufe ƙofa. Sauya wuri yana da asali a addini. Mutumin nan da ya kashe rai ɗari, da ya nemi tuba, cewa aka yi ya bar garinsu ya koma garin mutanen kirki. Aboki shi ne rabin jarabar.

Hajiya Rabi Alabar: Malam, ai garin mutanen kirki aka ce. Ba Magazin ba.

Kawu Ɗanlami Magazin: Haba Hajiya, Magazin ɗin ai mu ne a ciki.

Hajiya Rabi Alabar: Ku ne a ciki, amma yaran da ke sauke injin mota da hannu tun safe har rana ta faɗi, ka taɓa tambayar me suke jefawa a cikin lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari?

Alhaji Garba Tafo: Ni dai ban ga abin muhawara ba. Mutanen Najeriya sun lalata 'ya'yansu, yanzu za su fara turo mana. Da can ina muka san wani tiramol a Zango? Goro muka sani da taba. Duk daga can abin ya ɓullo.

Sagir Bakano: Alhaji, da girmanku, wannan maganar ba ta yi daɗi ba. Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da yadi a kasuwar Kejetia, a nan na yi aure, ban taɓa jin an ce a Kano ake ƙera tiramol ba. Daga Indiya ake lodo shi a kwantena. Wani ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa, wani a Lome, wani a Kwatano, wani a nan Tema ɗinku. A watan Maris na 2025 ba a Tema aka kama kwantenar da aka ce Nijar za ta ba? Bakano ne ya ƙera ta? Wuta ce ta kama unguwa, kowa ya duba rufin ɗakinsa.

Alhaji Garba Tafo: To waye aka ce suna shanye kwalba miliyan uku a rana? Mutanen Tafo?

Sagir Bakano: Wannan adadin Majalisar Dattawan Najeriya ce ta faɗe shi a 2017, wai kwalbar kodin miliyan 3 kullum tsakanin Kano da Jigawa. Har gobe ni ban gamsu da lissafin ba, don ban ga wanda ya zauna ya ƙirga ba. Amma ba zan yi musun cewa abin ya yi muni ba. Na ga matan aure suna aiken almajiri ya sayo musu, a juye a robar lemo, a zauna a gidan biki ana kurɓa kamar zoɓo.

Tica Nuhu Sawaba: Ku bar ni in shigo da abin da ke rubuce, don kada mu yi ta jifa a duhu. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka taɓa wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da sigari. Wiwi ce a gaba da miliyan 10.6. Mai bi mata magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol, miliyan 4.6. Maganin tari miliyan 2.4. Kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Abin da zai ba Alhaji mamaki, shiyyar da ta fi yawan masu sha a wannan binciken kudu maso yamma ce, wajen su Legas, ba arewa ba.

Alhaji Garba Tafo: Legas ɗin ma ai Najeriya ce.

Shugaban Zaure: Alhaji, Sagir, don Allah. Bawan Allah ya kawo damuwarsa, ba gasar ƙwallo tsakanin Gana da Najeriya muka buɗe ba. A koma kan yaron.

Nas Fati: Kawu Ɗanlami sannu da wannan jarabawa. Yanzu na sauka daga aikin dare, na karanta komai. Abin da ya fi tsaya min shi ne faɗuwar nan da ya yi. Wannan ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Tiramadol, wato tiramol ɗin nan, in ya yi yawa a jiki yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba. A asibiti mai miligiram 50 da mai 100 ake bayarwa, kuma babban mutum ba a wuce masa 400 a yini guda, shi ma da takardar likita, na 'yan kwanaki. Wanda ake sayarwa a lungu an rubuta masa 225 ko 250 a ƙwaya ɗaya. Yaro ya haɗiye uku ko huɗu, ku lissafa da kanku.

Na biyu, kuma nan ne nake roƙonku ku saurare ni. Wanda ya shekara biyar yana sha, jikinsa ya riga ya saba. In aka ɗora shi a mota daga Kano zuwa nan, kwana biyu ko uku a hanya, ɗayan biyu ne: ko ya taho da guzurinsa a ɓoye, a kama shi a kan iyaka a Seme ko Aflao ku shiga wata sabuwar masifa, ko kuma ya iso muku a birkice. Zufa, majina, hamma, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, baƙin rai. A ranar da ya sauka zai fita neman ta, kuma wallahi kafin la'asar zai samu. Masu sha suna gane juna ko ba su jin yaren juna.

Kawu Ɗanlami Magazin: Subhanallahi. To Fati, in an kulle shi a ɗaki na mako guda fa, har abin ya fita daga jininsa?

Nas Fati: A'a Kawu. Yanke shi rana ɗaya ga wanda ya riga ya yi jijjiga akwai haɗari. Likita ne zai duba shi, ya ga ko za a riƙa rage masa sannu a hankali, ya ba shi abin da zai sassauta masa wahalar. Kuma fitar ƙwaya daga jini shi ne mai sauƙin. Fitar ta daga zuciya shi ne aikin watanni.

Bashir Pragya: Salamu alaikum iyayena. Ban cika magana a zauren nan ba saboda manya, amma yau zan yi, don ni abin ya ci. Waɗanda suka san ni a layin Aboabo zuwa Kejetia sun san da haka, ba wani asiri ba ne.

Ni ba don iskanci na fara ba. Keken da nake ja na wani ne, kullum akwai balas ɗin da zan kai masa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ina fita bayan asuba, sai sha ɗayan dare. Bayana ya riƙe, in na sauka sai in yi tafiya kamar tsoho. Wani abokin aiki ya ɓallo min rabin ƙwaya ya ce maganin ciwon jiki ne. Gaskiya ranar na yi aiki kamar ba ni ba, ga nishaɗi, fasinja ya zage ni in yi dariya. Wata uku rabi ya zama ɗaya, ɗaya ta zama uku. Daga nan kuma ba don in ji daɗi nake sha ba, don in iya tashi daga katifa ne kawai. Wannan ne mutane ba su ganewa. Suna cewa yaro na jin daɗinsa. Babu wani daɗi, bashi ne kake biya kowace safiya.

Ranar da na san na kai maƙura, na ɗauko wata mata da 'yarta daga Asokore Mampong. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Ihunta na ji, na farka mun hau kan kwalbati, tayar gaba na lilo a bakin gwata. Yarinyar ta bugu a goshi. Matar ba ta zage ni ba, ta dube ni ta ce, ɗana, kana da uwa? Na ce e. Ta ce to ka ji tausayinta. Ta biya ni kuɗin motar ma, wallahi, ta tafi. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Yayan mahaifiyata ne ya kai ni asibiti. Kwana goman farko ban ga barci ba, ƙafafuna kamar ana tsira min allura daga ciki, ina jin sanyi ina zufa. A bakin ƙofar ɗakina ya shimfiɗa tabarma yake kwana. Bai ɗaure ni ba, bai doke ni ba, in na tashi shi ma ya tashi ya dafa min shayi mu zauna. Sau biyu ina komawa bayan nan, ba zan ɓoye ba. Yanzu shekara biyu da wata huɗu rabona da ita.

Kawu, shawarata, ba garin ne magani ba. Mutumin da zai kwana a bakin ƙofa shi ne magani. In kuna da wannan lokacin ku karɓe shi. In shago za ku kai shi ku bar shi da yaran Magazin ku tafi sayen kaya Ankara, gara ya zauna gaban uwarsa.

Hajiya Rabi Alabar: Allah ya yi maka albarka Bashiru. Ka sa ni hawaye a tsakiyar kasuwa. Allah ya saka wa kawun nan naka.

Malam Isiyaku Asawase: Amin. Allah ya tabbatar da kai. Ka ga irin wannan nake so samari su ji daga bakin ɗan'uwansu, don mu in mun hau mumbari mun ce duk abin da ke bugarwa haramun ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne, sai yaro ya ce ai Malam wannan magani ne, a kemis ake sayarwa, ba giya ba ce. Da yawansu da wannan suke yaudarar kansu. Wanda ko kusa da kwalbar giya ba zai je ba, ga shi da kati guda a aljihu yana sahun gaba.

Hajiya Rabi Alabar: Yauwa, an zo wurin. Masu kemis. Ina Mudi? Ya fito ya yi mana bayani, ina ganinsa yana karantawa ya yi shiru.

Mudi Mai Kemis: Ga ni Hajiya, ina sallamar mutane ne. Kullum in an tashi zagi mu ake fara tunawa. Ni lasisina na ƙananan magunguna ne, irin su farasitamol da maganin zazzaɓi. Doka ba ta ba ni damar ajiye tiramadol ba ko mai 50, wannan sai babban kantin magani mai ƙwararren mai haɗa magani, shi ma da takardar likita. Tun 2018 gwamnatin Gana ta hana maganin tari mai kodin ta kuma taƙaita tiramadol. Mai 225 ɗin nan ba shi da rajista a wurin hukumar abinci da magunguna, ba ta hannun dilolinmu yake zuwa ba. A jakar goyo yake yawo, a kan babur, a wurin mai shayi, a tasha.

Hajiya Rabi Alabar: Duk cikinku babu mai ajiyewa a ƙarƙashin kanta?

Mudi Mai Kemis: Ban ce babu ba. Akwai. Wake ɗaya ne ke ɓata gari. Amma ko yau aka rufe duk kemis ɗin Kumasi, gobe da safe yaran nan za su samu abinsu.

Sagir Bakano: Maganar Mudi ita ce abin da ya faru a wurinmu. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken nan na kodin, aka nuna yadda ake fitar da shi ta bayan gida daga kamfanoni, aka nuna samari a ɗaure da sarƙa a Kano. Washegari gwamnati ta hana shigowa da shi da haɗa shi, lokacin Farfesa Isaac Adewole na ministan lafiya. Muka yi ta murna. Me ya biyo baya? Kwalba ta yi tsada, ta koma ta masu kuɗi, talaka ya koma ƙwaya. Ƙwaya kuwa ta fi sauƙin ɓoyewa, kati goma a cikin safa ba wanda ya sani. Ɗan yayar Kawu ai ga shi nan, daga kwalba ya koma kati.

Tica Nuhu Sawaba: Haka ya sake faruwa a can inda ake ƙera ƙwayar ma. A 2018 ɗin Indiya ta sa tiramadol cikin magungunan da take sa wa ido sosai, fitar da shi ya yi wuya. Sai masu kamfani suka sauya dabara, suka haɗa tafentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, da karisofrodol, wani maganin sakin jijiya da Turai ta daina amfani da shi saboda yana kama mutum. Babu ƙasar da ta amince da wannan haɗin a matsayin magani. Shi ne ake bugawa da sunaye irin su Tafrodol, shi ne jar ƙwayar da yaranmu ke kira red. A Fabrairun 2025 BBC ta sake bin sawun abin tun daga Tamale har Mumbai, da kyamarar ɓoye, sannan Indiya ta hana haɗawa da fitarwa. Yanzu sai mu jira mu ga wane suna zai fito kuma.

Nas Fati: Kuma red ɗin nan ne ke sa su barci a tsaye da Hajiya ta faɗa. Yana danne numfashi. In aka haɗa da giya ko maganin barci, mutum zai kwanta ne kawai ba zai tashi ba. Don Allah duk wanda ya ga yaro ana girgiza shi ba ya farkawa, numfashinsa na fita da ƙyar, leɓensa ya sauya launi, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a ce bari ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi ta gefe a nemi mota zuwa asibiti. Akwai allurar da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyin in an kai da wuri.

Alhaji Garba Tafo: Duk wannan dogon turanci ne. A kama dila a kashe, a ga ko wani zai sake. Ba Najeriyar ce ta ce za ta fara kashewa ba?

Tica Nuhu Sawaba: Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa a Mayun 2024, amma bai zama doka ba, da aka zauna da Majalisar Wakilai sai aka koma ɗaurin rai da rai. Kamu kuwa ana yi. Tun da aka ba Buba Marwa hukumar NDLEA mai yaƙi da ƙwayoyi a Janairun 2021 kusan kowane mako sai ka ji an kama kwantena ko an fasa sito. A Kano an tashi 'yan magani daga kasuwar Sabon Gari a 2024 an mai da su sabuwar cibiya a Dangwauro don a san abin da ke shiga da fita. A 2025 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta rufe kasuwannin magani na Onica da Aba da Idumota na wani lokaci. Ba a zauna ba. Sai dai Alhaji, wanda ake kamawa a lungu da kati biyar ba shi ne mai kwantena ba.

Sagir Bakano: Har gwajin ƙwaya aka riƙa yi wa masu neman muƙami a Kano zamanin Ganduje. Ni abin da ban gani ba shi ne wurin jinya da zai ishi mutane. Ka hana yaro, ka kama dila, to shi wanda ya riga ya kamu ina za a kai shi? Shi ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidan mari.

Alhaji Garba Tafo: To gidan marin me ya yi? Mu da bulala aka gyara mu.

Malam Isiyaku Asawase: Alhaji, a nan kam ban bi ku ba, ko da yake ni malamin allo ne. Abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, mutum wajen 300 a gida ɗaya, da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, sannan aka sake ganin irinsa a Daura, wannan ba tarbiyya ba ce. Addu'a da ruƙiyya muna yi, kuma suna da amfani ga zuciya. Amma wanda ya ce a nemi magani shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A haɗa biyun.

Maman Sadiya: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Duk lokacin da aka ce a hana, a tsananta, gabana faɗuwa yake. 'Yata sikila gare ta. Wanda bai taɓa ganin ciwon nan ya tashi da tsakar dare ba ba zai gane ba, yarinya na birgima tana cewa Mma ƙashina zai fashe. Akwai daren da muka je wani asibiti, tana kuka tana faɗin sunan allurar da aka saba yi mata, sai wata ma'aikaciya ta kalle ta sama da ƙasa ta ce ai irinku mun san ku, ƙwaya kuke nema. Shekararta 16. Muka zauna a benci har gari ya kusa wayewa. 'Yan shaye-shaye sun ja wa masu ciwon gaskiya.

Nas Fati: Maman Sadiya, wannan kuskure ne babba, ki yi haƙuri a madadinmu. Mai sikila in ciwo ya tashi haƙƙinsa ne a kashe masa zafin da wuri. Inda matsalar take shi ne masu sayen allurar fentazosin, wadda ake kira fenta, su riƙa yi wa kansu a gida. Na ga cinyoyin da suka zama gyambo saboda haka. Ki riƙa tafiya da katinta na asibitin sikila ko'ina, yana rage irin wannan kallon.

Maman Sadiya: Ina tafiya da shi. Ranar ma yana hannuna.

Usman Direba: Ni dai tsakanin Kumasi da Legas nake, shekara goma sha tara. In kun ga abin da direbobin dare ke sha ba za ku sake barci a mota ba. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Hajiya Rabi Alabar: Usmanu ka rufa mana asiri, jibi zan hau mota.

Shugaban Zaure: Kawu Ɗanlami ya yi shiru tun azahar. Kawu kuna tare da mu?

Kawu Ɗanlami Magazin: Ina nan. Bayan na karanta saƙon Bashir sai na ga duk muna ta yanke hukunci a kan yaro, ni da uwarsa da ubansa, babu wanda ya tambaye shi. Na kira wayarsa. Sau uku bai ɗauka ba, a na huɗu ya ɗauka. Rabona da jin muryarsa tun yana ɗan shekara goma sha biyu da suka zo bikin ƙanwarmu, lokacin yana bina Magazin yana wasa da sifana. Muka yi kusan awa guda. Ya ce Kawu ni ma na gaji. Ya ce ya gwada bari da kansa sau huɗu, kwana biyu yake kaiwa ya ji kamar zai mutu. Ya ce abin da ya fi ci masa rai, in ya shigo gida ƙannensa sai su tattara wayoyinsu. Na ce ka taɓa ɗauka? Ya yi shiru, ya ce sau ɗaya, da keken ɗinkin Umma.

Na tambaye shi kana son zuwa Kumasi? Ya ce shi ko ina ne, in dai ba za a ɗaure shi ba. Ashe babansa ya taɓa yi masa barazanar gidan mari.

Nas Fati: Alhamdu lillahi, wanda ya ce ya gaji an yi rabin tafiya. Kawu ga abin da nake gani. Kada ya hau mota yanzu. A fara kai shi a can, akwai sashen masu taɓin hankali da shaye-shaye a asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Kada sunan ya tsorata Yaya, ba cewa aka yi ya haukace ba, likitocin wannan fannin ne a can. In ya samu wata biyu ko uku ya daidaita, sai ya taho da takardarsa, a ci gaba da ganinsa a asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi, wanda muke kira Gee. Kuma a gaya wa likitan maganar faɗuwar nan tun a ganin farko.

Sagir Bakano: Kawu in kun yarda, ƙanina na Kano yana da mota, zai iya kai su ranar farko. Iyaye mata in an ce Dawanau sai su ƙi, gara a samu namiji ya raka su. Zan turo muku lambarsa ta gefe.

Hajiya Rabi Alabar: Duk na ji. Amma Ɗanlami, ka yi magana da matarka? Don ita za ta zauna da shi a gida, ba zauren nan ba. Kuma ita ce mai samari biyu.

Kawu Ɗanlami Magazin: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Na faɗa mata da rana. Ba ta ce a'a ba, ba ta ce to ba. Cewa ta yi, in ya zo a ina zai kwana, ɗakin su Abdul? Na ce a'a, ɗakin zaure, ni da shi. Ta ce kai da ke minshari tun ƙarfe tara, kai ne mai gadin? Haka muka rabu.

Bashir Pragya: Kawu in ya zo ku haɗa ni da shi. Ba wa'azi zan yi masa ba. Ranar Lahadi muna buga ƙwallo da safe, akwai mu huɗu da muka bari, muna zama bayan an tashi. Kuma kada ku ba shi kuɗi a hannu watannin farko, ko na koko ne, ku saya masa da kanku. Ni sidi biyar ɗin da aka ba ni na aski ita ta mayar da ni karo na farko.

Alhaji Garba Tafo: To tunda kun dage. In ya iso a kawo min shi in gan shi. Ina da buhun shinkafa, a kai wa matar Ɗanlami, baƙo ai sai da abinci.

Sagir Bakano: Alhaji, Bakano ne fa.

Alhaji Garba Tafo: Na sani. Kakana ma daga Kano ya zo da fataken goro, sai me?

Kawu Ɗanlami Magazin: Na gode jama'a, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawarar ni zan fara zuwa, in ga likitan da idona, in kuma zauna da babansa a kan maganar marin nan. Usman, motarku ta Legas ranar wace take tashi, kuma katin Gana ya isa a kan iyaka ko sai na sabunta fasfo? Nawa ya mutu tun bara.

Usman Direba: Talata da Asabar, ƙarfe huɗu na yamma. Ku sabunta fasfon Kawu, ku taho da katin allurar shawara. Zan ajiye muku kujerar gaba, ni zan tuƙa har Seme.